Karen Bara da Kaskonshi

Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Magana ce mai gaskiya, sai dai ta yi shiru bisa wani abu guda: ina karen bara ya kwana? Duk wanda ya bi karin maganar Hausa zai tarar da kare yana gudu, yana haushi, yana farauta, yana shan jifa, amma da wuya ya tarar da shi ya tsufa. Dalili kuwa a fili yake. A ƙauyukanmu da biranenmu, kare kan riga tsufa mutuwa. Mota ta take shi, ko cuta ta kwashe shi, ko ya ci guba, ko kuma a wayi gari a neme shi a rasa. Ƙalilan ne ke kai shekara goma har furfura ta fito masu a baki. Waɗannan ma in sun kai, mutanen gida ba su san yadda za su yi da su ba, domin abu ne da ba su gada ba.

Cikin abubuwan da tsufa ke kawo ma kare akwai biyu da suka fi gwada haƙurin masu shi, wato yawan shan ruwa da zubar fitsari. A ƙasar da ake sayen ruwa da kuɗi, a gidan da ake shimfiɗa tabarmar salla sau biyar a yini, waɗannan abubuwa biyu ba ƙananan lamura ba ne. Su ne kan yanke ma kare hukunci, ko ya zauna ko a kore shi.

A unguwar Birni ta Damagaram, cikin gidajen ƙasa da ke jingine da manyan duwatsu, akwai wani tsohon malamin lakkwal da ya aje aiki bayan shekaru talatin da ɗoriya yana koyar da lissafi. Yana da baƙin kare mai suna Duna, wanda aka kawo mashi yana ɗan kwikwiyo don tsaron garken awaki da ragunan da uwargida ke turkawa kafin babbar salla. Shekara goma sha biyu Duna ya yi a bakin wannan aiki. Cikin duk waɗannan shekaru ba a taɓa kwance ko akuya ɗaya daga turke ba, alhali maƙwabta da dama sun yi kukan ɓarayi. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar randa, ba ya fitsari sai a bayan gida wajen juji. Wurinshi yana nan gefen garke, da buhun kwanciya da kaskon ruwa.

Da hunturu abin ya fara. Wannan shi ya sa malam ya lura, domin da a watan Afirilu ne ko Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke wuce digiri 40 kuma kowane mai rai ke neman ruwa, da ba wanda zai ce uffan. Amma cikin sanyin Janairu, lokacin da mutum kan wuni bai nemi moɗa ba, sai ga Duna yana shanye kasko tun da hantsi, yana lasar gindinshi, yana bin yara wurin wanke-wanke yana shan ruwan da suka zubar. Bayan ƴan makonni aka fara iske buhunshi jiƙe da safe. Wata rana kuma aka ga ɗigon fitsari tun daga garke har bakin zaure, inda malam ke salla in bai samu zuwa masallaci ba.

Nan gida ya rabu. Babban ɗan malam ya ce: "Baba, ai maganin abin a hannu yake. A rage mashi ruwa. Abin da bai shiga ba, ba zai fita ba." Wani maƙwabci ya ba da shawara a ɗaure shi bayan amalanke a kai shi daji a saki, tunda an ɗauko shi don haushi, haushin kuma ya ƙare. Uwargida ba ta ce a kore shi ba, amma ta faɗi abin da ke damunta. Ta ce: "Malam, ni ce mai shara, ni ce mai sayen ruwa. Ka san famfo kan yi kwanaki bai kawo ba, bidon ruwa kuwa sai an biya ɗan ga-ruwa. Ga najasa har bakin zaure. Ka duba mani wannan." Ba wanda zai ce ba ta da hujja. Mai ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo, kuma ƙarancin ruwa a Damagaram ba labari ba ne ga wanda ya taɓa kwana cikinta da bazara.

Malam bai yi gardama ba. Ya yi abin da ya saba yi in yara suka kawo mashi amsa ba tare da lissafi ba, ya ce a auna. Ya samo kwalbar roba mai cin lita ɗaya da rabi, ya hana kowa ba Duna ruwa sai da ita, ya riƙa rubuta abin da aka zuba da abin da ya rage cikin wani tsohon littafin rubutu. Ya kuma sa aka ɗora karen bisa ma'aunin wani mai sayen hatsi, aka samu kilo 20. Kwana uku ana awo, lissafi ya tsaya kusan lita 3 a yini.

Likitocin dabbobi suna da ma'auni a kan wannan. Kare lafiyayye kan sha wajen mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinshi cikin yini guda, ko da yake zafi da gudu da busasshen abinci kan ƙara yawan abin da yake buƙata. In ya wuce mililita 100 a kowane kilo, kuma ba zafi ba gudu, to ƙishirwar ta fita daga ta lafiya. Kare mai kilo 20 ke nan lita ɗaya da ɗan ɗori ta ishe shi, lita 2 ita ce iyaka. Duna ya tsallake iyakar nan da nisa, cikin sanyi, yana kwance. Jiki magayi, in ji masu iya magana, sai dai a rasa mai saurare.

Abin da ɗan malam ya faɗa shi ne abin da hankali ke fara kawowa: kare na sha da yawa, shi ya sa yake fitsari da yawa. A mafi yawan tsofaffin karnuka kuwa, lamarin a juye yake. Fitsarin ne ke gaba, ƙishirwa na biye. Aikin ƙoda shi ne ta tace jini, ta fid da dauɗa, sannan ta maido da mafi yawan ruwan cikin jiki, ta bar kaɗan ya fita da dauɗar. Shi ya sa fitsarin lafiyayyen kare ke fitowa kaɗan, da launi mai duhu da wari. Kowace ƙoda tana ƙunshe da ƴan ƙananan matatai dubban ɗaruruwa, kuma wanda ya mutu cikinsu ba ya sake tsirowa. Tsufa da cututtuka kan cinye su sannu a hankali, jiki bai nuna komai ba, har sai wajen kashi biyu cikin uku sun tafi. A nan ne ƙoda ke kasa riƙe ruwa, fitsari ya riƙa fitowa da yawa, fari kamar ruwan rijiya. In asarar ta kai wajen kashi uku cikin huɗu, dauɗar kanta ta fara taruwa cikin jini, sai a ga rama da ƙin abinci da amai da warin baki.

Kare mai irin wannan ƙoda tamkar tulu ne da ya tsage a gindi. Wanda ya daina zuba ma tulun ruwa bai toshe tsagar ba, ya dai gaggauta bushewarshi. Fitsarin ba zai tsaya ba don an ɗauke kasko, jiki ne zai ci gaba da zubar da abin da ya rage mashi, jini ya yi kauri, ƙodar da ta saura ta ƙara lalacewa. A zafi irin na ƙasarmu, yini ɗaya ko biyu na hana ruwa na iya kai irin wannan dabba ga halaka. Ruwan da Duna ke sha, shi ke riƙe da ranshi.

Ƙoda ba ita kaɗai ke kawo wannan ƙishirwa ba. Akwai ciwon sukari, wanda karnuka ke yi kamar yadda mutane ke yi. Sukari in ya yi yawa cikin jini sai ya tsallaka cikin fitsari, ya ja ruwa ya tafi da shi. Karen yana ci kamar ba gobe amma yana ramewa, kuma mafi yawan masu wannan ciwo yana kan rufe masu ido cikin shekara ɗaya ko biyu. Tun kafin a san awo, mutane kan gane shi da kiyashi da ke taruwa inda aka yi fitsari. Abin lura a nan shi ne, ta jikin kare ɗan Adam ya fahimci wannan ciwo. A 1889, a birnin Sitarasbur, likitoci biyu, Minkofski da Fon Mering, suka cire ma wani kare gaɓar da ke kwance bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas, sai karen ya kama fitsari ba ƙaƙƙautawa, aka auna aka samu sukari. A 1921, a Toronto ta ƙasar Kanada, Bantin da Best suka fid da insulin suka gwada shi ga karnuka, kuma cikin Janairun 1922 aka yi ma yaro na farko allurar. Duk mai ciwon sukarin da ke rayuwa da wannan allura, a Yamai ko Tawa ko Maraɗi, akwai bashin kare a wuyanshi ko bai sani ba.

Akwai kuma cutar da ke sa jiki ya yawaita wani sinadari mai suna kotizol. Alamunta su ne tumbi ya saki ya yi girma, gashi ya zube ta gefe biyu, kare ya riƙa haki da cin abinci ba ƙoshi. Magungunan kumburi da ƙaiƙayi irin su Dexamethasone da Prednisolone kan kawo irin wannan ƙishirwa muddin ana ba da su. Ga tsohuwar karya kuma da ba a cire ma mahaifa ba, akwai haɗari na musamman. Makonni kaɗan bayan ta gama neman namiji, mahaifar na iya cika da mugunya, ta kama shan ruwa, ta yi laushi, ta ƙi abinci. Wannan ba ya jiran gobe, aikin gaggawa ne a hannun likita. Ciwon hanta da cutar mafitsara su ma suna cikin lissafi.

Zubar fitsari kuwa wani babi ne dabam, ko da yake sukan zo tare. A bakin mafitsara akwai wani nama da ke ɗaure ta kamar yadda ake ɗaure bakin salka. Tsufa kan sassauta wannan ɗauri, musamman ga mata, kuma ya fi saki in dabba ta yi barci. In aka haɗa sassautaccen ɗauri da mafitsarar da ke cika sau biyu ko uku fiye da da, to buhu sai ya jiƙe. Wani karen kuma ɗaurin na nan lafiya, gaɓoɓi ne suka yi tsami, kafin ya miƙe ya kai juji abu ya kufce. Wani jijiyar baya ce ta taɓu, wani kuma ruɗewar tsufa ce ta sa ya manta hanya. Cikin duk waɗannan babu rashin kunya ko taurin kai. Kare da ya shekara goma sha biyu bai ɓata wuri ba, ba zai koyi ƙazanta da furfura a baki ba. Wanda ya ɗauki sanda ya buge shi, tsoro kawai ya ƙara mashi. Masu lura sun san yadda irin wannan kare ke tashi daga jiƙaƙƙen wuri, ya sunkuyar da kai, ya koma gefe yana lasar jikinshi.

Malam ya ɗauki littafinshi da ƴar kwalba ta fitsarin safe ya tafi wurin likitan dabbobi. Likitocin dabbobi na ƙasarmu, waɗanda da yawansu suka yi karatu a makarantar Dakar da aka kafa a 1968, aikinsu ya fi karkata ga shanu da tumaki da awaki da raƙuma, domin nan dukiyar ƙasa take. Kare ba kasafai ake kawo shi ba, in ba don allurar haukan kare ba. Aka yi dace likitan tsohon ɗalibin malam ne. Ya duƙa ya gaishe shi, ya karɓi littafin ya duba, ya yi murmushi ya ce: "Mushe, ai ka yi mani rabin aiki. Da duk mai kawo dabba zai zo da irin wannan lissafi, da mun huta." Ya tsoma ɗan tsinken takarda mai sauya launi cikin fitsarin, bai ga sukari ba. Ya dubi farin fitsarin, ya zo gida ya buɗe bakin Duna, ya taɓa cikinshi, ya ɗebi jini aka kai ɗakin awo. Sakamako ya nuna ƙoda ce.

Likitan bai ɓoye komai ba. Ya ce: "Mushe, wannan ba ta warkewa. Abin da ya tafi ya tafi. Amma ana iya tausaya ma abin da ya saura, ya daɗe bai wahala ba." Ya ce kada kasko ya bushe dare da rana, a ajiye shi cikin inuwa kusa da makwanci. A rage gishiri da ƙashi da busasshen kifi, a daina juye mashi ragowar miya mai kanwa da albasa, domin albasa na lalata jinin kare. A ba shi tuwo ko shinkafa da aka jiƙa da ruwa, da ɗan nama mai kyau ko ƙwai, kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a yini. A fid da shi waje kafin a kwanta da kuma da asuba. Ya ja kunne ƙwarai bisa magungunan da ake talla a faranti cikin kasuwa, ya ce ƙwayoyin ciwon jiki na mutane irin su Ibuprofen da Diclofenac na iya ƙarasa ƙodar kare cikin ƴan kwanaki. Ya kuma kwantar da hankalin gidan game da abin da wasu ke raɗe-raɗi a unguwa, cewa wai hauka ce ta fara. Karen da hauka ta kama hali yake sauyawa, ya yi ta dalalar da yawu, haɗiya ta gagare shi, kuma ba ya wuce ƴan kwanaki. Wanda ya yi watanni yana shanye kasko lafiya lau, ba wannan ke damunshi ba.

Saura maganar najasa, wadda ita ce ta fi nauyi a zuciyar uwargida. Malam ya tafi da tambayar wurin limamin unguwa bayan la'asar. Liman ya ce a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a riƙe shi don tsaron dabbobi da gona da farauta. Fitsarinshi dai najasa ne, ana wanke shi da ruwa daga tufafi da jiki da wurin salla, kamar yadda ake wanke na jariri mai cin abinci ba tare da an kori jaririn ba. Ya tuna mashi kuma da labarin da ya zo cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Buhari da Muslim, na matafiyin da ya sha ruwa a rijiya, ya fito ya iske kare na lasar danshin ƙasa don ƙishirwa, ya koma ciki ya ciko takalminshi ya shayar da shi, aka gafarta mashi saboda haka. Liman ya ce: "Malam, wancan karen ma bai san shi ba. Naka kuwa ya yi maka shekara goma sha biyu."

Da aka san hukunci, sai dabara ta samu. Aka mayar da makwancin Duna can ƙuryar garke, nesa da zaure, aka tare hanya da guntun zana. Aka zuba rairayi mai kauri a ƙasa, ana kwashe jiƙaƙƙen kowace safiya a zuba sabo, ana barbaɗa toka. Aka samu buhu uku ana musanyawa, ana shanya su a rana. Ana goge ma karen cinyoyi da ruwan ɗumi don kada fitsari ya ƙona mashi fata ƙuda su samu wurin zama. Mai wannan aiki kan sa leda a hannu, ya wanke da sabulu in ya gama, domin akwai cututtukan da fitsarin dabba ke iya ɗauka zuwa ga mutum. Da aka yi lissafin ruwan kuma, sai ya zamana ƙarin da Duna ke sha bai kai lita 2 a yini ba, wato bai wuce cikin buta ɗaya ba. Malam ya ce a rubuta wannan a kanshi, zai rage daga ruwan wankanshi.

Uwargida ce ta kawo maganar da ta rufe gardamar, kuma ba ta wajen da ake tsammani ba. Wani dare ta ce: "Malam, ka tuna Inna?" Tana nufin mahaifiyarshi, wadda ta yi jinya a hannunta shekaru biyu kafin ta rasu. Tsohuwar ta kai lokacin da ba ta iya riƙe fitsari, kuma don kunyar suruka da jikoki sai ta riƙa ƙin shan ruwa tun daga azahar, tana cewa ba ta jin ƙishirwa, leɓɓanta na tsagewa. Da dare takan ɓoye zanen da ya jiƙe ƙarƙashin tabarma. Uwargida ta ce: "Sai da na yi mata rantsuwa cewa wankin bai dame ni ba, kafin ta yarda ta karɓi moɗa. Jiya na ga karen nan ya tashi daga buhu yana sunkuyar da kai, sai gabana ya faɗi." Daga ranar ba ta sake kawo maganar bidon ruwa ba.

Abin da ta faɗa ya wuce gidansu. Zubar fitsari na cikin cututtukan da ake ɓoyewa a ƙasar Hausa. Yaro mai fitsarin kwance a yi mashi waƙar tsiya, matar da haihuwa ta bar ma yoyo a ware mata ɗaki da kwano, tsoho ya rage shan ruwa don kada a ji wari a jikinshi. A duk wuraren nan ana ɗaukar rauni a matsayin laifi, kuma maganin da ake fara kawowa shi ne ƙishirwa. Kare ba mutum ba ne, kuma ba wanda ya ce a daidaita su. Amma hannun da ya saba ɗauke kasko daga gaban dabba mai rauni ba ya jin nauyin ɗauke moɗa daga gaban tsoho. Yara kuwa suna kallo. Ba daga allo suke koyon yadda ake yi da wanda amfaninshi ya ƙare ba, daga tsakar gida suke koyo.

A gidan malam akwai jika ƴar shekara tara, wadda yake kira amaryarshi cikin wasan kaka da jika. Ita ta karɓi aikin kwalba da littafi. Kowace safiya kafin ta tafi lakkwal takan cika kasko, ta rubuta adadi, ta kawo mashi ya duba. Wata rana ta tambaye shi: "Kaka, in ka tsufa sosai kai ma za a riƙa rubuta ruwanka?" Ya ce: "Amarya, in dai ke ce mai rubutawa, ban damu ba, na san ba za ki rage mani ba." Ta wannan littafi ta koyi lita da mililita, darasin da ya gagare ta a aji.

Duna ya ga ƙarshen hunturu, ya haye bazara duk da zafinta, yana kwance cikin inuwa da kasko a gabanshi. Haushi ya ragu, amma in baƙo ya taɓa ƙofar garke da dare yakan ɗaga kai ya yi gurnani, ragunan kuma suka kai salla ba abin da ya same su. Da damina ta yi nisa sai ya fara ƙin abinci, ya riƙa amai, ƙafafun baya suka daina ɗaukar shi. Likita ya zo ya duba, ya ce lokaci ya yi kusa, kuma akwai allurar da ke sa dabba ta yi barcin da ba ta tashi, in wahala ta fi ƙarfinta. Ba a kai ga haka ba. Da asubar kwana na biyu aka iske shi ya mutu a makwancinshi. Malam da ɗanshi, wanda da farko ya ce a rage ruwa, su suka haƙa rami a bayan gari suka rufe shi, ba a jefa shi a juji ba.

Wata takwas ke nan tsakanin ranar da aka fara awo da ranar da ya mutu. Wani zai ce wata takwas na ran kare ba su kai a yi dogon zance ba, ga yara marasa lafiya, ga tsadar hatsi. Gaskiya ne akwai abin da ya fi wannan girma, kuma ba kowane gida ke da halin awon jini ba. Allurar insulin ma, ga karen da sukari ya kama, tana son kuɗi da wurin sanyi da hannu sau biyu a yini har ƙarshen rai, abin da ya fi ƙarfin mafi yawan mutane. Amma abin da ya riƙe Duna ba mai tsada ba ne. Rairayi ne da toka da buhu uku, da buta ɗaya ta ruwa, da sanin cewa ba a hana mai yoyo sha. Wannan sani kuwa malamin lakkwal na iya ba da shi cikin darasi guda, da kwalba da ma'auni, kuma yaron da ya ɗauke shi zai kai shi gida inda akwai kare, ko akuya, ko kaka.

Makonni kaɗan bayan haka wani makiyayi ya kawo ma gidan ɗan kwikwiyo, ja mai dogayen ƙafafu, irin na wajen Azawak. Jikar malam ta wanke tsohon kaskon, ta cika shi, ta buɗe sabon shafi cikin littafin ta rubuta kwanan wata.